Wane Littafin Dodo Ya Fi Dacewa a Karanta wa Yara da Dare?

Littafin da yaro zai zauna ya karanta a zuci daban yake da wanda babba zai ɗauka ya karanta da ƙarfi, yara suna kewaye da shi. Mai karatun zuci yana iya tsallake shafin da ya gundure shi, babu wanda zai sani. Mai karanta wa jama'a kuwa duk kalmar da marubuci ya ajiye sai ta bi ta bakinsa, idan kuma ta yi nauyi, a fuskokin yaran zai gani tun kafin ya kai aya. Saboda haka shaharar littafi ba ta isa hujjar a saye shi domin wannan aikin ba. Akwai littattafan da duniya ta sallama musu, amma idan aka buɗe su bayan sallar isha'i gaban ɗan shekara shida, kafin a juya shafi biyu ya fara wasa da yatsun ƙafarsa.

Waɗanda zan kwatanta a nan duk na dodon nan ne na labaran Turawa da na mutanen Sin, wanda ake kira dragon: ƙaton jiki tsakanin na maciji da na kada, fata mai sulke, yawanci da fuka-fukai, wasu suna aman wuta. Da Turanci za ka same su, kuma wannan shi ne ya sa zaɓenmu ya bambanta da na iyayen da ke Ingila ko Amurka. A yawancin gidajenmu mai karantawa aiki biyu yake yi. Ya karanta sakin layi da Turanci, sannan ya ɗago kai ya mayar da shi Hausa domin ƙananan da makarantarsu ba ta yi nisa ba. To, a nan littattafan suke rabuwa gida biyu. Akwai wanda daɗinsa yake cikin abin da ya faru, akwai kuma wanda daɗinsa yake cikin salon da aka faɗi abin da Turanci. Na farko ko da wane harshe ka ba da shi yana nan da ransa. Na biyu a hanya yake mutuwa, ka yi ta dariya kai kaɗai yara suna kallonka. Da wannan ma'aunin na auna su, sai kuma tsawon babi da yawan abin tsoro.

Ga 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, ban ga wanda ya kama ƙafar My Father's Dragon ba. Ruth Stiles Gannett, 'yar Amurka, ita ta rubuta shi, ya fito a 1948, matar ubanta Ruth Chrisman Gannett kuma ta zana hotunan. Yana cikin littattafan da aka karrama a gasar Newbery ta 1949, wato gasar littattafan yara ta Amurka. Babi goma ne gajeru, idan ba tsayawa bayani za a yi ba, littafin gaba ɗaya bai fi karatun awa ɗaya ba. Mai ba da labarin yana bayar da tarihin mahaifinsa ne tun yana yaro, don haka daga farko har ƙarshe "babana ya yi kaza, babana ya ce kaza" ake ji, kuma idan uba ne ke karantawa, ƙananan sukan ɗauka kakansu ake nufi.

Yaron sunansa Elmer. Wata tsohuwar kyanwa da ya tsinta a titi ranar ruwan sama ita ta ba shi labarin wani jaririn dodo da ya faɗo daga gajimare a wani tsibiri na namun daji, ya ji ciwo a fiffike. Maimakon su tausaya masa, dabbobin sai suka ɗaura masa igiya a wuya suka mayar da shi abin hawa, yana ta ƙetarar da su kogi dare da rana. Elmer ya haɗa kaya a jaka ya ɓuya cikin jirgin ruwa. Kayan nan su ne ƙashin bayan littafin: cingam, alawa mai tsinke, robobi irin na ɗaure kuɗi, buroshi da man goge baki, matsefi, ƙyallayen ɗaure gashi kala-kala, gilasan ƙara girman abu guda shida, da wuƙa. Babu bindiga, babu laya. Kowane babi wata dabba ce za ta tare shi da niyyar cinye shi ko hallaka shi, shi kuma ya lalubo abin da ke damunta. Damisoshi bakwai ya shagaltar da su da cingam. Karkanda tana kuka ƙahonta ya yi datti, ya ba ta buroshi. Zaki gezarsa ta cukurkuɗe yana tsoron faɗan uwarsa, ya ba shi matsefi ya koya masa kitso. Gwaggon biri ƙuma ta addabe shi, sai gilasan suka yi rana. Kadoji kuwa alawa ya ɗaɗɗaura musu a wutsiya, kowane ya kama tsotsar ta na gabansa, suka jeru suka zama gada.

Abin da ya sa yake aiki a bakin mai karantawa shi ne yara suna shiga ciki. Tun daga babi na biyar za su fara rige-rigen faɗin abin da zai ciro daga jaka. Wanda ya saba da tatsuniyoyin Gizo ya san wannan hanyar, ta ƙaramin da ba shi da ƙarfi amma yana da wayo. In ban da wani ɓera mai baibaita kalmomi, babu abin da ke ɓacewa idan aka mayar da labarin Hausa.

Yana da nasa raunin. Dodon kansa ba ya bayyana sai a babin ƙarshe, don haka yaron da ya zo don dodo sai ya yi haƙuri. Sannan Elmer guduwa ya yi daga gida bayan uwarsa ta zane shi kan kyanwar, ya kuma shirga wa dabbobin ƙarya nan da can. Uwar da ba ta son wannan ta shirya abin da za ta ce. Akwai ci gabansa guda biyu, Elmer and the Dragon na 1950 da The Dragons of Blueland na 1951, kuma ana sayar da ukun a haɗe. A cikinsu an fi ganin dodon, sai dai a ganina ba su kai na farko tsari ba. Ɗan shekara goma kuwa zai saurara don kara, amma abin ya yi masa ƙanƙanta.

A ɗaya gefen akwai The Hobbit na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a Ingila a watan Satumba na 1937. Shi ne mutane suka fi sani, shi ne kuma aka fi saurin buɗe wa yaran da ba su isa ba. Gaskiya ne don yara aka yi shi. Mai kamfanin da ya buga shi, Stanley Unwin, ɗansa Rayner mai shekara goma ya miƙa wa rubutun ya duba, ya biya shi sule ɗaya ladan rahoto, yaron ya yaba, aka buga. Amma babi goma sha tara ne, kuma waɗanda suka ɗauke shi a faifan murya sun haura awa goma suna karantawa. Idan ka haɗa da fassara da amsa tambayoyi, ka ninka wannan. Aikin wata ɗaya ne ko biyu, kuma babin farko kaɗai ya isa a raba shi dare biyu ko uku.

Wanda ya jure ba zai yi da-na-sani ba, domin Tolkien ya san bakin mai karantawa. Ga 'ya'yansa ya fara ba da labarin, kuma ana jin haka a rubutun, yakan tsaya ya yi magana da mai sauraro kai tsaye. Babin farko ma dariya ce da kowane ɗan gidan Bahaushe zai gane: Bilbo, mutum mai son zaman lafiya da cin abincinsa a kan lokaci, sai ga baƙi goma sha uku, wadanni masu gemu, suna ƙwanƙwasa masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya ba tare da gayyata ba, kowa yana faɗin abin da zai ci, shi kuma kunya ta hana shi korar baƙo har suka share masa ɗakin ajiya. Babi na biyar gasar kacici-kacici ce a cikin duhun kogo tsakanin Bilbo da wata halitta mai suna Gollum, da sharaɗin idan Bilbo ya faɗi za a cinye shi. A nan sai ka rufe littafin ka bar yaran su gwada. Akwai wanda amsarsa ƙwai ce, kuma yaron da ya san "ɗakin saurayi ba ƙofa" zai riga Gollum canka.

Sai dodon. Smaug sunansa, kuma duk cikin littattafan nan shi ne dodo na gaske: ya kori al'ummar wadannin nan daga dutsensu, ya tara zinariyarsu ya kwanta a kai shekara da shekaru, ya san adadin kowane kofi. Ba a ganinsa sai babi na goma sha biyu, amma tun daga farko sunansa ke bin tafiyar da Bilbo da wadannin suka yi don ƙwato dukiyar. Hirar da suka yi da Bilbo ita ce wurin da mai karantawa zai nuna gwanintarsa. Bilbo yana ɓoye da zoben ɓata, yana zuba wa dodon kirari don ya sassauta, yana kuma yi wa kansa laƙabi iri-iri don kada ya faɗi sunansa. Smaug shi ma ya shiga yi wa kansa kirari, haƙoransa takubba, faratansa masu, har santsin yabo ya sa ya juya ya nuna cikinsa, Bilbo ya hango wurin da sulken bai rufe ba a ƙirjinsa na hagu. Wannan zancen ya fi daɗi da Hausa a bakin wanda ya iya kirari. Amma Bilbo ma ya yi suɓul da baka cikin alfahari, abin da ya sa dodon ya tashi ya ƙone garin da ke kan tafki, kafin wani maharbi mai suna Bard ya harbo shi da kibiya.

Ga abin da ya kamata mai zaɓe ya sani: mutuwar dodon ba ita ce ƙarshen littafin ba. A babi na goma sha huɗu ya mutu, sauran biyar ɗin rigimar rabon dukiya ce. Thorin, shugaban tafiyar, ya hau kan zinariya ya ƙi ba waɗanda garinsu ya ƙone ko da kaso kaɗan, aka ja dāga, aka yi yaƙi, shi da 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu suka mutu. Ɗan shekara goma sha ɗaya da ya taɓa jin manya suna zancen rabon gado zai fahimci wannan sashen fiye da yadda kake zato, kuma a wurina shi ne mafi daraja a littafin. Ɗan shekara shida kuwa da dodo ya mutu ya gama. Kafin nan ma akwai manyan gizo-gizai masu naɗe mutane a daji, da kyarketai, da kogunan duhu, waɗanda sun isa su hana ƙaramin yaro fita fitsari da dare. Akwai shan taba a lofe da shan giya, akwai mai sihiri Gandalf, sannan babu mace ko ɗaya da ta yi rawar a-zo-a-gani a labarin. Waƙoƙin da ke ciki, in ban da ta wadannin a babin farko, ana iya tsallake su babu asara. Ni dai ƙasa da shekara tara ba zan fara shi ba.

To gidan da yaran suka bambanta, akwai ɗan shekara shida akwai 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma littafi ɗaya za a karanta musu? Wannan ita ce matsalar yawancinmu, kuma amsarta a wurina Where the Mountain Meets the Moon ne na Grace Lin. Bai tsufa kamar sauran ba, a 2009 ya fito, aka karrama shi a gasar Newbery ta 2010, amma ya riga ya sami wurin zama. Marubuciyar haifaffiyar Amurka ce, iyayenta 'yan Taiwan, kuma daga tatsuniyoyin Sin ta ɗebo kayan aikinta. Dodon can ba irin Smaug ba ne. A al'adarsu alamar ruwa ne da albarka, ba ɓarna ba.

Minli yarinya ce a wani ƙauye na manoman shinkafa matalauta, a gindin dutsen da ba ya fid da ko ciyawa. Ubanta kullum da dare yana ba ta labarai, uwarta kuma kullum tana ajiyar zuciya saboda talauci, tana cewa labari ba ya cika ciki. Yarinyar ta tashi neman Tsohon da ke Wata don ta tambaye shi yadda arzikinsu zai sauya. A hanya ta tarar da wani dodo da birai suka ɗaure, yana kuka, ga shi ba ya iya tashi sama. Ta kwance shi, suka ɗau hanya tare, kowa da tambayarsa. Da ta isa, aka ce tambaya ɗaya tak aka yarda ta yi.

Abubuwa uku suka ɗaga shi a kan sauran. Babinsa sun haura arba'in amma gajeru ne ƙwarai, wasu shafi biyu ko uku, saboda haka daren da ka gaji sai ka yi ɗaya, daren da ake da nishaɗi a yi huɗu. Sannan duk wanda Minli ta haɗu da shi sai ya ba ta wani labari a cikin labarin, kamar dai yadda aku yake yi a Magana Jari Ce, kuma kowane ƙaramin labari yana tsayawa da ƙafarsa. Ƙananan suna morar waɗannan ɗaya-ɗaya, manyan kuma can gaba sai su fara gano ashe duk zare ɗaya ne ya ɗinke su, cewa azzalumin alƙalin da aka ambata tun farko-farkon littafin shi ne tushen abin da ke faruwa daga baya. Na uku, marubuciyar ba ta manta da iyayen ba. Tana komawa wurinsu lokaci-lokaci, suna nema, suna jira, uwar tana gane abin da ƙorafinta ya jawo. Ba kasafai littafin yara yake nuna abin da tafiyar yaro take yi wa zuciyar iyaye ba. Turancinsa kuma mai sauƙi ne, a miƙe, yana shiga Hausa ba gardama.

Inda za ka shirya amsa shi ne kan ƙaddara. Tsohon nan yana riƙe da littafin da aka rubuta rabon kowa, yana kuma ɗaure mutanen da za su haɗu da jan zare. Yaro mai zuwa Islamiyya zai tambaya, kuma amsar ba ta da wuya: tatsuniyar mutanen Sin ce, yadda muke da namu. Darasin da labarin ya dosa, godiya da wadatar zuci, ba baƙo ba ne a gidan kowa. Akwai wata koriyar damisa mai dafi da ke tsorata ƙanana a babi biyu ko uku, ba ta kai gizo-gizan Tolkien ba.

Akwai tsofaffi biyu na Ingila da mutum zai so ya fara da su saboda kyauta ake samunsu a intanet, tunda marubutansu sun daɗe da mutuwa. Sai dai arha ba ta hana su wuya ba.

The Reluctant Dragon na Kenneth Grahame ya fara fitowa a 1898 a matsayin babi cikin littafinsa Dream Days, daga baya a 1938 aka fitar da shi shi kaɗai da zanen Ernest Shepard. Ɗan makiyayi ne mai yawan karatu ya yi abota da wani malalacin dodo da ba abin da yake so sai tsara waƙa da hira. Mutanen gari, waɗanda ba abin da suke ƙauna kamar kallon faɗa, suka ƙirƙiro masa laifuffuka suka kira jarumi George, waliyyin da Ingilishi suke ɗauka majiɓincin ƙasarsu, wanda aka sani da kashe dodo. Yaron ya haɗa su biyun a ɓoye, suka shirya faɗan ƙarya, aka zaɓi wurin da mashi zai shiga a fatar wuya ba tare da ciwo ba, jama'a suka sha kallo, aka yi walima. Yaranmu sun san tsarin da Grahame yake juyawa, domin wanda ya ji labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura ya san baƙon jarumi da ke zuwa ya raba gari da dodonsa. Saboda haka ƙashin labarin yana tafiya da kyau. Matsalar tana fatar: jimloli dogaye, Turancin ƙarshen ƙarni na 19, da barkwanci irin na masu ilimin Ingila, wanda ake faɗi da fuska a ɗaure. Ba a kuma raba shi babi-babi ba. Shawarata ita ce ka karanta shi kai kaɗai tukuna, sannan ka ba da shi da ka, kana nuna hotuna. Dare biyu ya ishe shi.

The Book of Dragons na Edith Nesbit labarai takwas ne masu zaman kansu, waɗanda suka fara fitowa a mujallar The Strand a 1899. Dabarunta na da kyau. A ɗaya, wani yaro Lionel da aka naɗa sarki ya buɗe littafin dabbobi, duk shafin da ya buɗe sai dabbar ta fito da rai, har jan dodo ya fito ya fara haɗiye mutane. A wani kuma dodanni sun cika Ingila, daga ƙanana masu faɗawa ido har masu cin mutum, sai yara biyu suka gano ɗakin famfunan da ake sarrafa yanayi suka buɗe na ruwa. Amma rabin dariyar Nesbit zolayar majalisar dokoki ce da firayim minista da masu renon 'ya'yan attajiran Landan na zamaninta. Babba zai ji daɗi, yaro zai wuce bai san an yi ba'a ba. Ya dace da yaran da Turancinsu ya nuna, daga shekara takwas. Amfaninsa ɗaya da babu a sauran shi ne ba ya buƙatar a bi shi a jere, don haka ya dace da kawu ko gwaggon da ke zuwa ƙarshen mako kawai.

The Voyage of the Dawn Treader na C. S. Lewis, na 1952, kullum yana cikin jerin littattafan dodo, amma gaskiya dodon babi biyu kawai ya ci cikin goma sha shida. Sai dai babi biyun ba a manta su. Eustace, yaro mai son kai da tsiwa, ya guje wa aiki ya shiga kogon wani mataccen dodo, ya kwanta kan dukiya yana ƙulla yadda zai mallake ta, ya farka ya ga shi ne ya zama dodo, munduwar da ya sa ta nutse masa a hannu tana yi masa zogi. Sai da ya rasa siffar mutum ya fara zama mai amfani ga abokan tafiyarsa. Abin da ya kamata a sani shi ne Lewis marubucin addinin Kirista ne, kuma bai ɓoye ba. Zakin nan Aslan da ya saɓule wa Eustace fatar dodo ya jefa shi a ruwa, da fitowarsa a siffar ɗan rago a ƙarshen littafin, duk ishara ce ga aƙidar Kirista. Ga iyalan Hausawa Kirista wannan ƙarin armashi ne. Iyaye Musulmi kuma gara su shiga da saninsu, ko su karanta su yi bayani, ko su bar shi. Haka nan shi ne na uku da ya fito a jerin littattafan Lewis na ƙasar almara mai suna Narnia, yaron da bai ji na farko ba zai yi ta tambayar su wane ne waɗannan.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Dealing with Dragons na Patricia Wrede, 1990, gimbiya Cimorene ce ta guje wa auren da aka shirya mata ta je ta zama mai yi wa wata dodanniya Kazul girki da gyaran ɗakin littattafai, jarumai suna zuwa ceton ta tana sallamarsu. 'Yan mata masu shekara tara zuwa sama suna son sa, kuma yana cike gurbin da Tolkien ya bari, amma dariyarsa ta dogara ga sanin tatsuniyoyin Turawa da yake zolaya. Dragon Rider na Cornelia Funke, wanda ya fito da Jamusanci a 1997, labari ne a miƙe mai sauƙin fassara: dodon azurfa da wani maraya suna neman mafaka a duwatsun Himalaya saboda mutane za su cika kwarinsu da ruwa, suna bi ta Masar da yankin Larabawa da Pakistan, har da wani aljani mai ido dubu. Laifinsa tsawo ne, ya haura shafi 500, kuma tsakiyarsa tana jan ƙafa. How to Train Your Dragon na Cressida Cowell, 2003, shi ne yara za su roƙa saboda fim ɗin 2010, amma littafin da fim ɗin suna kawai suka haɗa. A littafin, dodon mai suna Toothless ɗan mitsitsi ne mai taurin kai, ba wanda ake hawa ba. Dariyarsa kuma tana cikin sunaye na shaƙiyanci da zane-zanen gefen shafi da zancen majina da tusa. Wannan a miƙa wa yaro ya karanta da kansa ya fi.

Idan kuɗin littafi ɗaya gare ka, kuma babban cikin yaran bai wuce shekara bakwai ba, kada ma ka kashe su tukuna. My Father's Dragon na farko yana shafin intanet na tsofaffin littattafai mai suna Project Gutenberg kyauta tare da hotunansa, haka na Grahame da na Nesbit. Ka fara da shi a waya ka ga yadda yaran suke zama, ka ajiye kuɗin don na Grace Lin, wanda dole sai an saya, kuma ya cancanci a same shi a takarda saboda hotuna masu launi da ita kanta ta zana. The Hobbit ya jira har babban ya kai tara ko goma, a kuma karanta shi bayan ƙananan sun yi barci. Tunda an buga shi ba adadi, shi da na Lewis sun fi sauƙin samu wurin masu sayar da tsofaffin littattafai.

Wajen saye a duba bango da kyau. The Reluctant Dragon yana da bugu da yawa da aka taƙaita aka sauƙaƙa Turancinsa, kuma ga mai niyyar karantawa kai tsaye ba tare da ya sake tsara labarin ba, irin waɗannan sun fi na asalin amfani. How to Train Your Dragon kuma akwai ƙananan littattafai da aka tsamo daga fim ɗin, masu ɗauke da suna iri ɗaya, don haka a nemi sunan Cowell a matsayin marubuciya. My Father's Dragon ma an yi masa fim a Netflix a 2022, wanda ya sauya labarin sosai, yaron da ya riga ya kalla zai yi ta gyara maka karatu. Bugunsa na takarda yana da taswirar tsibirai biyu na labarin a cikin bango, idan kuma a waya kake karantawa, sai ka nemo ta ka sa babban cikin yaran ya kwafe ta a takarda, domin kowane dare sai an tambaye ka inda Elmer ya kai.